Iskar titi daban, iskar gona daban: yadda ake daidaita tayar tarakta a Legas

Aikin tarakta a Legas rabinsa tafiya ce. A Kura, inda na koyi tuƙi, kana fita daga gari ka faɗa gona. Nan kuwa gonakin a warwatse suke: yau Agbowa, gobe Itoikin, jibi wani ya kira ka can Epe a yi masa haro zai dasa rogo. Sai tarakta ta ci kilomita 20 ko 30 a kan kwalta, tsakanin tifofin yashi, kafin garma ta taɓa ƙasa. Idan ta taɓa ɗin ma, ƙasar ba irin tamu ba ce. Daga Afrilu zuwa Yuli ruwa ba ya barin ta ta tsane, a ɗan sarara a Agusta, Satumba ya dawo. Wajen Badagry kuma rairayi ne zalla.

A daminata ta farko na tsaya wajen wani mai faci a bakin hanya na ce ya duba mini tayoyin baya. Ya ba kowacce geji 35, ya buga ta da ƙarfe ta yi ƙara, ya ce ta yi daidai. Ni ma na ji daɗi, don a kan kwalta motar sai gudu take. Da na shiga wata gona mai damshi na sauke haro, tayoyin suka fara juyawa a wuri ɗaya suna watso laka, kafin in ankara motar ta haƙa wa kanta rami har ciki ya kwanta a ƙasa. Wani dattijon direba ɗan Haɗeja da ya zo jawo ni bai fara neman sarƙa ba. Ƙusa ya ɗauko ya danna bawul, iska na ta fita, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan iskar ta tifa ce, ba ta tantan ba." Na ce, "Baba, ai na ɗauka taurin shi ne lafiyarta." Ya yi dariya kawai.

Iskar da ke cikin taya ita ke ɗauke da nauyi, ba robar ba. Idan iska ta yi yawa, sawun tayar a ƙasa yakan zama ɗan ƙarami, haƙora kaɗan ne ke cizon ƙasa, nauyin duka ya taru a wuri guda, sai ta nitse ta kuma zame. Idan aka rage, sawun ya yi tsawo, haƙora da yawa su kama, motar ta ja kaya da man gas kaɗan. Ƙasar ma ta huta, domin ƙarfin da taya ke danna fuskar ƙasa da shi bai wuce iskar da ke cikinta da yawa ba, kuma ƙasa mai damshi idan ta danƙare, saiwa ba ta ratsa ta, ruwa ba ya shiga. A kan kwalta lissafin ya juye. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa tana miƙewa a kowane zagaye, gudu ya sa ta yi zafi, zaren ciki ya fara rabuwa da roba. Wannan ɓarnar ba a ganinta ranar da aka yi ta. Sai bayan wata biyu gefen tayar ya tsage, a ce tayar ce jabu.

Don haka lamba biyu kake nema, ta titi da ta gona. Kowacce kuma daga abu biyu take fitowa: nauyin da ke kan tayar, da saurin da za a yi da ita.

Fara da karanta tayar

Ka samu tsumma da ruwa ka goge gefen tayar baya. Idan ka ga an rubuta 16.9-30, da ɗan layi a tsakani, tayar mai zaren gicciye ce, irin wadda yawancin Massey Ferguson 375 da ire-irenta ke zuwa da ita. 16.9 faɗinta ne a inci, 30 kuma girman rim. Idan harafin R ne a tsakani, kamar 16.9R30 ko 420/85R30, radiyal ce. Bambancin ba na suna ba ne kawai. Gefen radiyal mai laushi ne, an yi shi don ya yi kumatu, shi ya sa wanda bai sani ba yakan ce ba ta da iska alhali daidai take. Mai zaren gicciye kuwa gefenta da tauri, idan ta yi irin wannan kumatun, ta riga ta fara cutuwa.

Ka nemi 6PR ko 8PR, wato ƙarfin zarenta. A girman 16.9-30, mai 6PR iyakar iskar aikinta wajen psi 18 ne (psi shi ne ma'aunin iska da geji ke nunawa), mai 8PR wajen 24. A radiyal kuma za ka ga lamba da harafi, misali 140A8. Lambar 140 na nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 2,500, A8 kuma gudun kilomita 40 a awa, kuma wannan alkawarin a kan bar 1.6 aka yi shi, wato psi 23. A6 kilomita 30 ne, B kuma 50. Bar ɗaya psi 14.5 ne, ka riƙe wannan, don wani gejin da bar yake magana, wani da psi.

Akwai wani rubutu da ke ruɗar masu faci: gargaɗin kada a wuce psi 35. Wannan iyaka ce ta lokacin da ake zaunar da bakin taya a kan rim bayan an yi faci. Ba iskar aiki ba ce. Da bakin ya zauna, sai a sauke ta.

Daga nan ka nemo jadawalin kamfanin da ya yi tayar. BKT, Alliance, Michelin, Firestone, duk suna da shi a intanet, ka rubuta girman tayar ka sauke shafin a waya. Jadawalin layi-layi ne na sauri, a sama an jera iska, a ciki an rubuta kilo nawa tayar za ta ɗauka. Littafin taraktar ma yana da nasa, idan bai ɓata tun a hannun mai ita na farko ba.

Sanin nauyi

Nan ne mafi yawanmu muke ƙiwa, kuma nan ne maganar take. Hanya mafi inganci ita ce sikelin manyan motoci. Kamfanonin ƙarfe na wajen Odogunyan a Ikorodu da masu haɗa abincin kaji suna da shi, ka roƙi mai kula da shi ka ba shi na ruwa. Ka je da motar yadda take fita aiki: tanki cike, haro ko garma a rataye an ɗaga sama, kai kana kan kujera. Ka hau da tayoyin gaba kaɗai a rubuta, ka hau da na baya kaɗai a rubuta. Kowace lamba ka raba biyu, ka sami nauyin taya ɗaya.

Idan sikeli bai samu ba, lissafi zai kusantar da kai. Abin da mutane ke mantawa shi ne, kayan da aka rataya a baya ba nauyinsa kaɗai yake ɗora wa tayoyin baya ba, yana kuma ɗage gaban motar ya mayar da wannan nauyin baya, kamar yadda buhu a ƙarshen amalanke ke ɗaga hannunta. A ce haronka kilo 500 ne, tsakiyar nauyinsa tana mita 1.2 a bayan tsakiyar tayar baya, tsakanin tayar gaba da ta baya kuma mita 2.2. Ka ninka 500 da 1.2, ka raba da 2.2, ka sami wajen kilo 270. Wannan shi ne abin da ya bar gaba ya koma baya. Ke nan tayoyin baya sun ƙaru da 770, ba 500 ba. Idan dama suna ɗauke da 1,700, yanzu 2,470 ne, kowacce kilo 1,235. Da wannan lambar za ka shiga jadawali.

Ka duba gaban ma. Idan abin da ya rage a tayoyin gaba bai kai kashi 20 cikin 100 na nauyin motar duka ba, sitiyari zai yi sakayau a kan titi, sai an rataya ƙarafan nauyi a gaba. Wanda ya taɓa hawa tudun gada da haro a ɗage ya ji gaban motarsa na neman tashi ya san abin da nake faɗi.

Fitar da lambobin biyu

Ta titi: ka bi layin saurin da za ka yi da gaske, 30 ko 40, har ka iske inda kilon ya kai nauyin tayarka ko ya ɗan wuce, ka ɗaga ido sama ka karanta iskar. Idan tirela za ka ja, musamman mai ƙafa biyu wadda ke ɗora wani ɓangare na lodinta a kan ƙugiyar tarakta, da lodin za a auna, ba wayam ba. Tirelar rogo ko ta kashin kaji jiƙaƙƙe ba wasa ba ce.

Ta gona tana da ɗan tarko. Jadawali zai nuna maka cewa a kilomita 10 a awa tayar na ɗaukar kaya fiye da a 30, sai ka ji kwaɗayin saukar da iska sosai. Wannan layin na aiki mara ja ne, kamar feshi ko watsa taki. Aikin da ake jan ƙasa da ƙarfi, garma, haro, rija, kamfanonin taya suna cewa a bi layin 30, domin jan kansa yana murɗa gefen tayar. Kuma ka tuna a ƙarshen kowane layi kana ɗaga kayan ka juya, nauyin nan duka ya dawo kan tayoyin baya.

Ga irin taraktocinmu masu ƙarfin doki 60 zuwa 85 da taya mai zaren gicciye, lissafin yakan faɗi tsakanin psi 12 da 14 a gona, 16 zuwa 20 a titi, ba tare da an wuce iyakar da ke jikin tayar ba. Ban yarda a sauke mai zaren gicciye ƙasa da 12 ba ko me jadawali ya nuna. Radiyal tana iya sauka har bar 0.6 zuwa 0.8 idan nauyin ya bari. Akwai sabbin tayoyi masu alamar IF da VF, na farko na ɗaukar ƙarin kashi 20 cikin 100 a iska ɗaya da radiyal ta yau da kullum, na biyu kashi 40, har wasu manyan taraktocin Turai direba na canza iska daga kan kujera. Wannan labarin wasu ne, mu geji da tiyo muke da su.

Ƙananan tayoyin gaba, irin 7.50-16 na motar da baya kaɗai ke ja, ba a cika taɓa su ba. Iskarsu ta fi ta baya nesa, galibi daga psi 24 zuwa sama da 30, kuma rage ta ba ya ƙara ja, sai dai ya sa ta murɗe a kwana. Idan motar mai jan ƙafa huɗu ce, na gaba ma a bi jadawali da su. An tsara su ne su riƙa ɗan riga na baya juyawa kaɗan, kashi 1 zuwa 5 cikin 100, kuma iska mara daidai tana ɓata wannan tsarin, giya ta sha wahala.

Idan ka gama, ka samu fenti ka rubuta lambobin a jikin madgad: titi kaza, gona kaza, gaba kaza. Yaron mota ma zai gani, mai faci ma ba zai yi maka gardama ba.

Kayan da za ka riƙa yawo da su

Gejin mai faci na tifa da tirela ne, yana kaiwa 160, a psi 12 allurarsa da ƙyar take motsi, kuskuren 3 ko 4 ba komai ba ne a wurinsa, a wurinka kuwa kashi ɗaya cikin huɗu ne na iskarka ko fiye. Ka sayi naka mai tsayawa a 30 ko 60, mai zane ɗaya-ɗaya. Ana samu a kasuwar kayan mota ta Ladipo. Ka haɗa da ɗan mabuɗin cire zuciyar bawul, wato ɗan tsinken ciki da ke tare iska, da zuciyoyi biyu ko uku na ajiya, da murafan bawul, da alli.

Sai famfon iska. Kada ka sauke iskar da ba ka da yadda za ka mayar. Cikin taya 16.9-30 ya kai wajen lita 370. Ƙara mata psi 6 na bukatar iskar waje kusan lita 150. Ƙaramin famfon batir da ke ba da lita 30 zuwa 35 a minti zai yi wajen minti 5 a kowace taya, ya kuma yi zafi, sai an bar shi ya huce tsakanin ta farko da ta biyu. Ka sayi mai silinda biyu, mai maƙalawa kai tsaye a kan batir, ka bar inji a kunne yayin da yake aiki. Idan za ka yi kwanaki a gona ɗaya, ya fi sauƙi ka yi magana da mai facin ƙauyen ya zo da injinsa ranar tashi.

A bakin gona

Awo na gaskiya da sassafe ake yinsa, kafin rana ta bugi taya, kafin a yi tafiya. Zafin da ya ƙaru da digiri 10 yana ɗaga tayar baya da wajen psi 1. Saboda haka idan ka iso gona bayan doguwar tafiya, abin da geji zai nuna ya fi gaskiya yawa. Ka tsaya a wuri mai tauri kuma daidai, ka ja birki, ka sauke kayan ƙasa, ka bar tayoyin su sha iska yayin da kake zagaya gonar da ƙafa kana duba kututture da ramuka. Idan sauri kake, ka sauke zuwa psi 1 ko 2 sama da lambarka, washegari da safe ka gyara.

Ka goge laka daga bakin bawul kafin ka buɗe. Cire zuciyar ya fi sauri nesa ba kusa ba, amma ka riƙe ta gam, idan ta kufce cikin ciyawa ta tafi ke nan. Ka riƙa tsayawa kana aunawa. Hagu da dama su zo daidai. Wuri ɗaya ne ake saɓa wannan: idan garma kake yi, taya ɗaya na tafiya cikin kwarin da aka buɗe, motar ta karkata, nauyi ya fi yawa a kanta. Tsofaffin littattafan taya mai zaren gicciye sukan ce a ƙara wa ta cikin kwarin psi 4, muddin ba a wuce iyaka ba.

Kafin ka hau, ka ja layin alli ɗaya daga jikin rim ya haye kan roba. Bayan awa ɗaya ka sauko ka duba. Idan layin ya rabu biyu, rim yana juyawa a cikin tayar, iskar ta yi kaɗan, kuma idan mai tub ce, saura ƙiris bawul ya tsinke daga tushe. Ka ƙara psi 2 nan take. Ka sa yaronka ya bi gefen motar daga nesa yana kallon tayar lokacin da take ja. Kumatu a radiyal ba laifi. Idan gefen yana tattarewa kamar fatar tsoho, a ƙara iska.

Akwai gwajin da ke nuna ko an dace, kuma ba ya cin ko sisi. Ka yi alamar alli babba a gefen tayar baya. Motar na cikin aiki, kaya a ƙasa, yaro ya kafa sanda inda alamar ta taɓa ƙasa, ya ƙirga zagaye 10, ya kafa wata. Ka ɗaga kayan, ka sake bin tsakanin sandunan a gefen da ba a nome ba, ya sake ƙirgawa. Idan wannan karon 8 da rabi ya samu, ɗaya da rabi cikin goma sun tafi a zamiya, kashi 15 ke nan. Ga mai jan baya kaɗai, 10 zuwa 15 shi ake so. Ga mai ƙafa huɗu, 8 zuwa 12. Idan ya wuce haka bayan iska ta yi daidai, kada ka ci gaba da saukewa, nauyi ne ya yi kaɗan, ko kayan sun nitse da yawa, ko ƙasar ce ba ta tsane ba, wanda a watan Yuni a Epe shi ne amsar sau da yawa, ko da mai gona ba ya son ji. Idan kuma kusan babu zamiya, motar ta yi nauyi fiye da aikin, kana ƙona mai wajen ɗaukar ƙarfe.

Idan akwai ruwa a tayar

Da yawa daga cikin motocin haya an ɗura wa tayoyinsu na baya ruwa don ƙarin nauyi. Ƙa'ida kashi 75 cikin 100 ne: a juya bawul ya koma sama, a zuba har ruwan ya kai bakinsa. A 16.9-30 wajen lita 270 ke nan, kilo 270 a kowace ƙafa. Turawa na haɗa gishirin hana daskarewa, mu ba ruwanmu da wannan, sai dai a taya mara tub ruwan yana cin rim da tsatsa.

Iskar da ta rage a sama kaɗan ce, wajen lita 100 ce kawai, don haka ɗan dannawa kaɗan sai lamba ta faɗi, ɗan famfo kaɗan ta haura. A hankali ake yi. Wajen sauke iska ko ƙarawa, bawul a sama. Wajen awo na gaskiya kuwa, bawul a ƙasa ake so, da geji na musamman mai jure ruwa, domin tsayin ruwan kansa yana ƙara matsi a ƙasan tayar, wajen psi 1 da rabi a kowace mita. Idan gejin iska kaɗai gare ka, ka auna a sama ka ƙara wannan a lissafinka. Taya mai ruwa ta fi tauri a kan titi kuma ta fi wahalar tsayarwa, ka rage gudu. Ni dai idan aikin wata ya zama jan tirela ne kawai, zubar da ruwan nake yi.

Komawa kan kwalta

Mantuwa a nan ta fi kashe taya. An gama aiki da yamma, an gaji, mai gona ya biya, hadari ya haɗo, sai a hau titi da iskar gona da haro a ɗage. Kilomita 25 a haka ya isa ya rage rayuwar taya sosai. Tun kafin ka fita daga gonar ka tsaya ka mayar da iskar titi. Lokacin famfo ka yi amfani da tiyo mai maƙalewa da kansa, ka tsaya ta wajen haƙoran tayar, ba fuskantar gefenta ba. Ka mayar da murafan bawul. Ka cire jan ƙafa huɗu, ka tabbata makullin da ke haɗa tayoyin baya a sake yake, ka haɗe fedar birki ta hagu da ta dama da sakatarsu, ka kakkaɓe lakar da ke haƙora don kada ka shimfiɗa wa 'yan acaba santsi.

Idan gona ta gaba kusa take, kilomita 2 ko 3 ta hanyar burji, ba sai ka yi wahalar famfo ba, ka tafi a hankali, kada ka wuce kilomita 10 a awa. Idan kuwa ranar duk yawo ce tsakanin ƙananan gonaki kuma babu famfo, ka zauna a kan lambar titi mafi ƙanƙanta da jadawali ya yarda da ita. Za ka yi asarar ɗan mai a gona, amma ya fi asarar taya.

Tayar kanta za ta gaya maka yadda kake riƙe ta. Idan tsakiyar haƙora ya cinye gefe na nan, iska na yawa, ko kwalta ta yi yawa. Idan bakin haƙoran ya cinye a karkace, ko ƙananan tsaga sun fito a gefe da gindin haƙori, iska na kaɗan. Ka riƙa aunawa sau ɗaya a mako ko da ba ka taɓa komai ba, don bawul na iya yoyo a ɓoye, ɗan yawu a bakinsa zai nuna maka kumfa. Ranar da ka sauya haro da rija, ko aka kawo tirela mafi girma, ko aka sa sabuwar taya ta wani kamfani ko da girmansu ɗaya, lambobin da ke jikin madgad sun tashi aiki, sai a goge a sake lissafi.